Shayar da tagwaye sabbin haihuwa: nonon uwa ɗaya zai ishi jarirai biyu?

Maman_Hassan_da_Usaina:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa goyon tagwaye, da kuma ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Allah ya sauke ni lafiya, na sami tagwaye, namiji da mace, kuma ba mu daɗe da yin suna ba. An haife su cikin yana mako 36, Hassan ya zo da nauyin kilo 2.5, Usaina kuma kilo 2. Tun daga asibiti nono zalla nake ba su, amma yanzu manya a gida sun fara cewa nonon mace ɗaya ba ya riƙe yara biyu, gara a haɗa musu da madarar gwangwani tun kafin su rame, wasu kuma suna cewa a riƙa ɗiga musu ruwa saboda zafin da ake yi. Abin da ya fi damuna shi ne Usaina, domin da ta kama ta ɗan tsotsa sai barci ya kwashe ta, shi kuwa Hassan ba ya saki sai nonon ya yi laushi. Shin nonon uwa ɗaya zai ishe su har wata shida kamar yadda ake faɗa mana a wurin awo? Sannan wanne ya fi, a ba su tare a lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya?

Hajiya_Kulu_Gusau:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya su bisa tafarkin addini. Ni ma na goyi tagwaye, duka mata, kuma nono zalla suka sha har wata shida, daga nan suka ci gaba da sha tare da kunu har zuwa yaye. Don haka ina gaya miki da bakin wadda ta gani cewa yana isa. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne wahalar kwanakin farko har zuwa arba'in, domin a lokacin kusan ba ki da wani aiki sai shayarwa, kina sauke wannan waccan tana neman nata. Matan da na ga abin ya gagare su, yawancinsu mataimaki suka rasa. Idan akwai wadda za ta ɗauke miki girki da wanki da shara, ki riƙe ta hannu bibbiyu, ke kuma ki zauna ki ci, ki sha, ki ba su.

Ungozoma_Ladi:
Barka da sauka lafiya, Maman tagwaye. Aikina ke nan a ɗakin haihuwa, kuma wannan tambaya kusan duk mai tagwaye tana yin ta. Nono ba ya zuwa da ƙayyadadden awo da za a ce rabon yaro ɗaya ne, jiki yana samar da shi ne gwargwadon abin da aka cire. Duk lokacin da jariri ya tsotsa, saƙo yana isa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarai biyu, ɗaya yana sa a samar da ruwan nonon, ɗayan yana matso shi ya fito. Idan kuwa aka bar nono a cike na tsawon lokaci, sai jiki ya ɗauka ba a buƙata ya rage. Tamkar rijiya ce mai ido, gwargwadon ɗiba gwargwadon ɓuɓɓuga. Saboda haka bakuna biyu da ke tsotsa su ne ke sa jikinki ya samar da abin da zai ishi biyu, kuma makonnin nan na farko su ne lokacin da jiki yake daidaita yawan da zai riƙa yi. Duk shan da aka maye gurbinsa da madara a wannan lokaci tsotsa ɗaya ce aka rage wa nonon, daga nan sai ya ragu da gaske, a ce ai dama mun faɗa.

Kada ki auna ƙoshinsu da kuka, kada kuma ki auna da laushin nono. Ki tabbatar kowannensu yana sha sau 8 zuwa 12 a yini da dare, yana jiƙa kunzugu ko famfas sau 6 ko fiye da fitsari mai haske, kashinsa kuma ya bar baƙi ya koma rawaya mai laushi. Jarirai sukan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, su kuma koma nauyin haihuwarsu wajen mako biyu. Ki samu takarda ki raba ta gida biyu, gefe na Hassan gefe na Usaina, kina rubuta lokacin da kowa ya sha da fitsarinsa, domin da tsakar dare mai tagwaye takan rikice ta ba ɗaya sau biyu ɗayan bai sha ba.

Maganar Usaina ita ce ta fi muhimmanci a wurina. Jariran da suka zo da sauran 'yan makonni sukan yi kama da cikakku a ido, amma suna saurin gajiya a kan nono, kuma barcinsu ba alamar ƙoshi ba ne. Kada ki bari ta wuce awa uku ba ta sha ba, ko da dare ne. Ki rage mata kaya, ki shafa tafin ƙafarta da bayanta har ta farka, idan tsotsar ta yi sanyi ki matsa nonon a hankali da hannu domin ruwan ya ƙara zuba a bakinta. Idan ta gaji, ki tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta, a zaunar da ita a ɗan kishingiɗe, a ɗora bakin kofin a leɓenta na ƙasa har nonon ya taɓa shi, ita za ta riƙa lasa da kanta, kada a zuba mata. Kuma a kai su duka a ɗora a sikeli cikin makon nan, kada a jira ranar rigakafi.

Baban_Gambo:
Ina neman afuwar iyaye mata da na sa baki, amma a gidana an yi tagwaye maza kuma na ga yadda abin yake. A kan tambayarki ta biyu, uwar yarana takan zauna a kan katifa ta jingina da bango, a sa mata matashi a baya, a jera wasu a dama da hagu har su kai tsayin ƙirjinta. Sai a shimfiɗa kowane yaro a kan matashinsa, ƙafafunsa sun bi ta ƙarƙashin hammatarta zuwa baya, kansa yana cikin tafin hannunta a gaban nono. Takan fara kama wa wanda ya fi wuyar kamawa, idan ya daidaita sai in miƙo mata na biyun. Wannan miƙowar ita ce aikin, domin mace ita kaɗai ba za ta iya ɗaukar na biyu ba alhali na farko yana baki. Da dare nawa ne ɗaukowa da sa su gyatsa da sauya kunzugu. Ina kira ga 'yan'uwana maza, kuɗin da za a zuba a gwangwanayen madarar yara biyu, idan aka saya wa mai jego nama da ƙwai da wake da gyaɗa da su, an fi cin riba, kuma jegon tagwaye ba abin da za a sakar wa mata su kaɗai ba ne.

Inna_ta_Maradi:
'Yata, barka da arziki, Allah ya ba ki lafiyar shayarwa. Na karanta abin da 'yan asibiti suka ce, amma ni ina da magana a kan ruwa. Mu a nan Maraɗi idan bazara ta kama, babba ma maƙoshinsa bushewa yake yi, balle jaririn da ko magana ba ya iya yi. Mun goyi 'ya'ya da jikoki muna ba su ruwa kuma ga su nan sun girma. Ban ga laifin manyan gidanku ba, tausayi ne ya sa suka faɗa. Sannan ki dage da kunun kanwa da ruwan zafi, da su muka san nono yana kawowa.

Likitan_Yara_Kano:
Inna, Allah ya ƙara girma, kuma gaskiya ne tausayi ne ke sa iyayenmu su ce a ba da ruwa. Sai dai ruwan da kike so jaririn ya samu yana cikin nonon, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma na farkon da ke fitowa idan ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi. Idan ana zafi sai a ƙara yawan ba shi, uwar kuma ita ta sha ruwan. Cikin jariri ƙarami ne ƙwarai, a ranar farko abin da yake ɗauka bai wuce cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi ba a kowane sha, don haka duk ruwan da ya shiga wurin nono ya tare. Ga jaririya mai kilo 2 kamar Usaina wannan babbar asara ce, ga kuma haɗarin gudawa idan ruwan ko cokalin ba su da tsabta. Waɗanda suka sha ruwa suka girma muna ganinsu, amma mu a asibiti muna ganin waɗanda gudawa ta kawo mana su a galabaice. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida suke shan nono zalla, kuma ruwan nan yana cikin manyan abubuwan da ke rage adadin.

A kan kunun kanwa kuma ina roƙon a yi hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka kuma danganta shi da yawan gishirin da ke cikin kanwa tare da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Mai tagwaye dama ta fi sauran mata fuskantar hawan jini da ƙarancin jini, zuciyarta ta riga ta yi aiki mai yawa a lokacin goyon ciki. Ta sha kunun gyaɗa, kunun tsamiya, fura da nono, ta ci miyar zogale da farfesu, duk za su ba ta ƙarfi ba tare da wannan haɗari ba. Idan mai jego ta ga ƙafafunta suna kumbura, tana haki, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti a ranar.

Ummu_Sadik:
Ina so in kawo wani ɓangare da ban ga an taɓa ba, domin kada wata ta karanta wannan zance ta koma tana zargin kanta. Ni tiyata aka yi mini aka ciro tagwayena, na zubar da jini sosai har aka yi mini ƙari, kuma nonona bai kawo da wuri ba. Na yi duk abin da Sista Ladi ta lissafa, ina ba su ina tatsa, amma da aka ɗora su a sikeli sai aka ga ƙaramin yana ci gaba da raguwa. Likita ne da kansa ya ce a ƙara masa da madarar jarirai, muka yi hakan, nono yana kan gaba madara tana biye, kuma sun sha nonona har suka shekara biyu. Abin da ya fi yi mini ciwo a lokacin shi ne maganar mutane, masu cewa ƙyuya ce ta sa na ba da gwangwani. Don haka ni amsata ga Maman Hassan ita ce, sau da yawa yana isa, amma ba kullum ba, kuma sikeli ne zai raba gardama.

Ungozoma_Ladi:
Ummu Sadik, kin yi gaskiya, kuma na gode da kika faɗa. Zubar jini mai yawa, da ragowar mabiyiya a mahaifa, da ciwon sukari, duk suna iya jinkirta zuwan nono ko su rage shi. Bambancin da ke tsakanin labarinki da abin da ake gaya wa Maman Hassan shi ne ke an auna an ga buƙata, ita kuwa ana so a fara ne a kan zato. Idan har ta kai ga ƙari, to madarar da aka yi domin jarirai sabbin haihuwa za a ba su, ban da madarar shayi, ban da nonon saniya ko na akuya, ban da koko ko kamu, kuma ban da zuma kafin shekara ɗaya. A tafasa ruwa a haɗa da shi tun yana da zafi sosai, kafin ya yi rabin awa da saukewa, sannan a huce. A bi awon da ke jikin gwangwanin daidai, domin na sha ganin gidajen da tsada ta sa suna tsinka madarar don ta daɗe, yaro yana sha yana ramewa. Abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Kofi kuma ya fi bulumboti sauƙin wankewa, kuma ba ya sa jariri ya ƙi kama nono daga baya.

Malam_Abu_Fatima:
Allah ya raya abin da aka samu. Tun da an kawo maganar ƙari, ina tunatar da mu cewa shari'a ta buɗe wata ƙofa da muka fara mantawa da ita. A Suratul Baƙara aya ta 233 Allah ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika ta, ya ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita a kan uba, kuma a cikin ayar ya halatta a nemi wata ta shayar. Haka ma a Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 6. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi. Don haka idan akwai 'yar'uwa mai goyo da za ta taimaka da ɗaya daga cikin tagwayen a wasu lokuta, babu laifi. Sai dai a san abin da ke biyo baya, domin shayarwa tana haramta abin da nasaba take haramtawa. Matar ta zama uwarsa, mijinta ya zama ubansa, 'ya'yansu sun zama 'yan'uwansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi ko sau ɗaya nonon ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa hukuncin ya tabbata, Shafi'iyya kuwa sun shar'anta sai ya sha sau biyar. Hukuncin yana kan wanda ya sha ne kawai, bai shafi ɗan tagwaicinsa da bai sha ba, saboda haka a rubuta a ajiye, a kuma sanar da dangi wane ne ya sha a cikinsu.

Anti_Rabi_Kumasi:
Malam ya yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara shi ne a fara gwada jinin matar da za ta shayar ɗin, musamman ƙanjamau, domin yana bi ta nono. Kada kunya ta hana, ko da 'yar ciki ɗaya ce.

Zainabu_Damagaram:
Ni tambaya gare ni da ta shafi ta Maman Hassan. A wurinmu tsofaffi suna cewa a ware wa kowane ɗan tagwaye nononsa, na dama na Hassan na hagu na Usaini, don kada a shiga haƙƙin wani, tun da an ce tagwaye ba sa son a fifita ɗaya. Na kuma ji masu cewa na dama abinci ne na hagu ruwa. Yaya gaskiyar wannan?

Hajiya_Kulu_Gusau:
Zainabu, ni ma an gaya mini haka, amma abin da na gani a jikina ya saɓa. Ɗaya daga cikin 'yan matana ta fi ƙarfin tsotsa, kuma ɓangaren da ta fi sha ya fi cika da nauyi a fili. Da a ce na bar mai raunin a gefe guda kullum, da nata ɓangaren ya yi ta raguwa. Abin da na yi shi ne musanya, wadda ta sha dama yau gobe hagu za ta sha. Adalcin da tsofaffi suke nufi a nan yake, kowa ya samu rabonsa daga ɓangaren da ya fi kawowa. Maganar abinci da ruwa kuwa ba ta da tushe, duka biyun abu ɗaya suke fitarwa.

Maman_Hassan_da_Usaina:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fara rubutawa a takarda kamar yadda Sista Ladi ta ce, kuma na ga fitsarin Hassan ya wuce shida, na Usaina kuwa yana tsayawa a biyar ko shida. Mahaifinsu ya ce gobe za mu je a auna su. Na gwada zaman da Baban Gambo ya kwatanta, ƙanwata tana miƙo mini, sai na lura idan Hassan yana sha ruwan yana zubowa a ɗaya ɓangaren, Usaina tana samu ba tare da ta wahala ba. Matsalar da ta taso ita ce kan nonona na hagu ya tsage, yana yi mini zafi har cikin raina idan suka kama. Shin in huta da shi har ya warke?

Ungozoma_Ladi:
Abin da kika lura da shi yana cikin manyan amfanin ba su tare, mai ƙarfin yana jawo ruwan, mai raunin tana amfana. Amma kada ki daina ba da ɓangaren da ya tsage, domin idan ya cika ya daskare zai iya kumbura ya kawo zazzaɓi har ya tara ruwa. Tsagewa kusan kullum daga kamu take, wato jariri ya kama kan nonon kaɗai yana ja. Ki jira ya buɗe baki sosai kamar zai yi hamma, sannan ki jawo shi gare ki da sauri, haɓarsa ta manne da nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nonon ya fi bayyana ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Idan kamun ya yi daidai za ki ga kumatunsa a cike, ki ji haɗiya. Idan kin ji zafi, ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki raba, ki sake kama masa. Bayan sun gama ki shafa ɗigon nonon a wurin ki bar shi ya sha iska, kada ki wanke da sabulu. Idan zafin ya hana ki gaba ɗaya, ki tatsa wannan ɓangaren da hannu ki ba Usaina a kofi. Shawarata kuma, a 'yan kwanakin nan ki riƙa ba su ɗaya bayan ɗaya da rana domin ki samu hannu biyu na gyara kamun, tare kuma ki bar shi zuwa dare. Gobe ki roƙi ma'aikaciyar da ke wurin ta tsaya ta kalli yadda kowannensu yake kamawa.

Likitan_Yara_Kano:
Ina ƙara abu ɗaya saboda Usaina, wato goyon ƙirji, wanda a asibiti ake kira kulawar kangaru. An fara shi ne a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben bakwaini, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan take bayan haihuwa ga bakwaini da duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. A cire mata kaya a bar kunzugu da hula da safa, a kwantar da ita a tsaye a tsakiyar ƙirjinki fata da fata, kanta ya juya gefe yadda hancinta zai samu iska, a ɗaure da zani ko majanyi. Yana riƙe mata ɗumin jiki, yana sa ta farka ta nemi nono, yana kuma ƙara miki ruwan nonon. Mahaifinta ko kakarta ma za su iya karɓarki. Sannan kowa a gidan ya san alamun da ba a kwana da su: jariri ya ƙi sha gaba ɗaya, jikinsa ya saki ko ya yi wuyar tashi daga barci, zafin jiki ko sanyin jiki, numfashi da sauri ko faɗawar ƙirji, jijjiga, ko shawara ta sauko har tafin hannu da ƙafa.

Inna_ta_Maradi:
Likita, na ji bayaninka a kan kanwa, kuma na san matan da suka kumbura a jego muka ce iska ce. Wannan zan faɗa wa 'ya'yana. Maganar ruwa dai har yanzu raina bai kwanta ba, amma tun da yarinyar ƙarama ce ku kuka san awonta. Abin da nake so ku 'yan zamani ku riƙe daga namu shi ne wankan gida. Da can mai jego takan koma gaban uwarta ko a turo mata tsohuwa ta zauna da ita har arba'in, ba ta ɗora tukunya, ba ta ɗaukar tsintsiya. Yanzu sai a bar yarinya ita kaɗai a gidan haya da jarirai biyu, a ce ta ba da nono zalla, da wane ƙarfin?

Malama_Asabe_Kaduna:
Inna ta taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ni ma'aikaciya ce, kuma ƙanwata da ta haifi tagwaye hutunta ya ƙare tun yaran ba su kai wata huɗu ba. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta ba mai haihuwa, tare da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa bayan ta koma, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma nasu hutun ya fi haka, ko da yake jihohi irin su Legas da Kaduna sun kai nasu wata shida. Babu wani ƙari da na ga an yi mata don ta haifi biyu. Da tatsa ta rufa wa kanta asiri, tana barin nonon a kofuna masu murfi. An gaya mata yana kai awa huɗu a ɗaki idan babu tsananin zafi, a firji kuma har kwana huɗu idan wuta ba ta yankewa, kuma a ruwan ɗumi ake tsoma kofin, ba a ɗora shi a wuta. Duk da haka daga ƙarshe sai da ta haɗa da madara a lokutan da take wurin aiki, don haka ina tare da Ummu Sadik cewa halin da mace take ciki yana da nasa hukuncin.

Baban_Gambo:
Sista Ladi, ina da ɗan ja a kan shawarar ɗaya bayan ɗaya. A gidana da muka gwada haka uwar ba ta samun ko awa ɗaya ta barci, domin kafin a gama da na biyu na farko ya tashi. Abin da ya cece mu shi ne duk lokacin da ɗaya ya farka sai mu tashi ɗayan a ba su tare, har suka saba da lokaci guda.

Ungozoma_Ladi:
Baban Gambo, naku sun zo da ƙarfinsu ne kuma kamunsu ya daidaita da wuri. Ita tana da tsagewa a gefe ɗaya da jaririya mai barci a kan nono, kuma hannu ɗaya ba ya gyara kamu. Na yarda da tashin ɗayan idan ɗaya ya farka, wannan ko ɗaya bayan ɗaya ake yi yana da amfani. Idan ciwon ya warke, Usaina kuma ta ƙara nauyi, sai ta koma ba su tare yadda take so.

Ummu_Sadik:
Maman Hassan, idan kun je awon gobe ki tambaye su nauyin kowanne a rubuce cikin giram, ki kuma tambayi ranar da za ku koma a sake aunawa a kan sikelin nan dai, domin sikeli yakan bambanta da sikeli. Ki tambaya ko Usaina tana buƙatar maganin ƙarin jini na ɗigawa, tun da an ba nawa saboda sun zo da ƙarancin nauyi, ke ma a duba jininki da hawan jini. Idan sun ce a ƙara mata wani abu, ki nemi su fara da naki tataccen, su kuma faɗa miki adadin da za a ba ta a kowane sha.

Zainabu_Damagaram:
Ina bibiyar zancen nan saboda yayata tana ɗauke da tagwaye kuma an ce mata wataƙila tiyata za a yi. Sista Ladi, idan uwa tana kwance bayan aiki ba ta iya zama, ta yaya za a fara ba su dakashi a awar farko, kuma wa ya kamata ya tsaya a kan hakan a cikin 'yan rakiya?